Shatar jirgin kamun malin a tsibiran Cape Verde: abin da za ku sani kafin ku ba da kafin alƙalami

Tambaya: Mu huɗu ne, mun saba jefa fatsa a dam da kogi. Muna so mu haɗa kuɗi mu ɗauki shatar jirgin ruwa a Cape Verde don kamun babban kifin tekun nan da ake kira malin. Wane lokaci ya fi dacewa, kwana nawa za mu ɗauka, me za mu tambayi mai jirgi, kuma yaya kamun yake?

Amsa: Abu na farko da ya kamata ya zauna muku shi ne, kuɗin da za ku biya na jirgi ne da mai da ma'aikata da yini guda a kan ruwa. Babu kyaftin mai mutunci da zai yi muku alkawarin kifi. Saboda haka duk dabarar tafiyar nan tana cikin abu uku: ku je a lokacinsa, ku sayi kwanaki da dama, ku hau jirgin waɗanda suka san aikinsu.

Cape Verde tsibirai goma ne a tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar. Cibiyar kamun malin ita ce Mindelo, babban garin tsibirin Sao Vicente, ko da yake akwai jirage a tsibirin Sal ma. Daga Mindelo ana farautar mashigin da ke tsakanin Sao Vicente da tsibirin Santo Antao, da yammacin Santo Antao ɗin, wani lokaci a gangara har tsibirin Sao Nicolau a kwana can. Abin da ya sa wurin ya yi suna shi ne tsibiran duwatsu ne da suka taso daga ƙarƙashin teku mai zurfin gaske. Ruwan da ke gudu yana dukan gangaren, ya turo abinci sama, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. Ba sai an yi tafiyar awa uku ba kafin a sa fatsa a ruwa.

Lokacin kamu yana farawa wajajen Maris zuwa Afrilu, ya yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni, ya ja har Yuli. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturun nan namu da ke tasowa daga Sahara yana kaiwa har can, yana rufe sararin sama ya hana jiragen sama sauka. Daga Agusta zuwa Oktoba damina ce da hadari mai ƙarfi. A Agustan 2025 ambaliya ta yi ɓarna ƙwarai a Sao Vicente. In da zaɓi, ku nemi Mayu. Jiragen kirki kan cika tun shekara guda kafin lokacin, ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun kwanaki. Masu wannan sana'a suna ƙirga yini da lamba uku: kifi nawa ya taso bayan jirgi, nawa ya kai cafka, nawa aka kawo gefen jirgi aka saki. In kun ji an ce 5, 3, 1, ma'anarsa biyar sun taso, uku sun cafka, ɗaya kaɗai ya zo hannu. Wannan ba rashin iyawa ba ne. Bakin malin ƙashi ne mai tauri, ƙugiya takan zame, kuma da ya yi tsalle ya kaɗa kai sai ya tofar da ita. Akwai kuma ranar da za a wuni ana zagaye babu ko inuwarsa. To ku lissafa: ku huɗu ne, kujerar kokawa, wadda ake zama a kai a ja kifin, ɗaya ce. In jirgi ya saki kifi ɗaya kowace rana, sai an yi kwana huɗu kafin layi ya zagayo kan na ƙarshenku, ban da ranar da iska za ta hana fita. Kwana biyar ko shida shi ne mafi ƙanƙanta ga mutum huɗu. Wanda ya biya kuɗin jirgin sama mai yawa ya sayi kwana biyu kacal, caca ya yi. In kuɗi bai kai ba, gara mutum biyu su je bana, biyu baɗi. Kuma tun a masauki ku daidaita yadda za a yi layi, ko dai kowa da awarsa, ko kuma kowa da kifinsa. Na biyun ya fi adalci, amma a fayyace ko wanda kifinsa ya kuɓuce bayan minti ɗaya ya ci rabonsa ke nan. Wannan ƙaramar magana ta ɓata abota da yawa a kan ruwa.

Kuɗin shatar jirgi mai kayan aiki cikakku ku ƙiyasta daga Yuro 1,000 zuwa sama a kowace rana, na jirgin ne gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba. Kuɗin ƙasar, eskudo, an ɗaure shi da Yuro, kusan eskudo 110 a Yuro ɗaya. Tukuicin ma'aikata daban ne, al'adar sana'ar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ana ba kyaftin a ranar ƙarshe ya raba. Kafin ku tura sisin kwabo, a rubuce mai jirgi ya amsa muku waɗannan: awa nawa ne yinin, daga tashi zuwa dawowa? Mai yana cikin kuɗin ko akwai ƙari in an yi nisa? In kyaftin ya soke fita saboda iska, ko inji ya lalace, ana mayar da kuɗin ranar ne ko ana ɗaga ta? Wane ne kyaftin ɗin da sunansa, kuma shekara nawa ya yi a wannan ruwan? Lasisin kamun kifi na baƙi wa ke yankarsa? Kifin ci da aka kama, na wa ne? Ku nemi sabon hoton jirgin da na kayan kamu, da lissafin abin da suka saki a Mayun bara. Ku tambayi inji nawa ne (biyu ya fi kwanciyar hankali), akwai rigunan ceto na kowa, akwai kwalekwalen ceto mai hura kansa, da rediyon kiran agaji, da na'urar da ke aika wurin da jirgi yake ta tauraron ɗan Adam in an shiga haɗari. Mai jirgin da ya fara kame-kame a kan kayan ceto, ku rabu da shi komai arharsa.

Hanya kuwa, daga Najeriya ana bi ta Dakar, ko Kasablanka, ko Lisbon. Ku kula da Lisbon: mai fasfon Najeriya ko Gana yana buƙatar bizar ratse ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana da wata biza da ta ɗauke masa. Cape Verde tana cikin ECOWAS, don haka gajeren zama ba ya buƙatar biza ga ɗan Najeriya ko Gana, amma ku riƙe tikitin komowa, da shaidar masauki, da katin rigakafin shawara. Mai fasfon Nijar ya bincika matsayinsa tukuna, tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. In ta Praia, babban birnin ƙasar, ko Sal kuka shiga, sai kun sake hawa ƙaramin jirgi zuwa Sao Vicente, don haka ku bar kwana ɗaya fanko tsakanin isarku da ranar fita ta farko.

Yanzu abin da ya fi kayar da baƙi, wato iska. Tsibiran suna kan hanyar iskar arewa maso gabas, kuma mashigin da ke tsakanin Sao Vicente da Santo Antao yana matse ta kamar mazurari. Iskar kilomita 30 zuwa 45 a awa ba abin mamaki ba ce a lokacin kamu. Wanda iyakarsa kwalekwale a dam bai san wannan rawar ba. Ciki ya juya, zufa mai sanyi ta karyo, ƙato ya kwanta a ƙasan jirgi yana roƙon a mayar da shi tudu, ga kuɗi an riga an biya. Maganin hana jiri da amai ana shansa ne kafin a hau, galibi awa ɗaya zuwa biyu, wasu ma tun daren jiya; bayan amai ya fara ba ya zama a ciki. Akwai na liƙawa a bayan kunne da ke aiki kwana uku, shi kuma aƙalla awa huɗu kafin tashi ake manna shi. Ku ga likita ko mai kemis tun a gida, ku gwada maganin rana ɗaya don ku san irin barcin da yake sa ku. A jirgi kada ku shige ɗaki, kada ku duƙufa kan waya, ku zauna tsakiya inda iska ke kaɗawa, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa. Karin kumallo mara maiƙo, ɗan citta a aljihu. Kyaftin mai tausayi yakan kai baƙi bayan Santo Antao, inda dutsen Tope de Coroa mai tsawon mita 1,979 ke tare iska, ruwan ya kwanta.

Kifin kansa, shuɗin malin, yana da dogon baki mai tsini kamar mashi, da shi yake make ƙananan kifaye kafin ya haɗiye. Manyan duk mata ne, namiji da wuya ya wuce kilo 150. Yawancin waɗanda ake samu a Cape Verde suna tsakanin kilo 100 zuwa 200, amma kowace shekara ana gamuwa da na kilo 300 zuwa sama. Burin kowa shi ne mai laba 1,000, wato kilo 454. Mafi girma da IGFA, ƙungiyar duniya mai tsara dokokin kamun kifi da fatsa da rubuta bajintar masu kamu, ta rubuta a Atlantika kilo 636 ne, Paulo Amorim ya kama shi a gaɓar Vitoria ta Burazil a 1992. Ku auna da giwan ruwan da ake ɗagawa a Argungu, za ku gane dalilin kujera da ɗamara.

Kayan kamu jirgi ne ke bayarwa, kada ku wahalar da kanku da saye. Ana rarraba su da ƙarfin zare: mai lamba 50, 80 da 130, wato laban da zaren ke ɗauka kafin ya tsinke, kimanin kilo 24, 37 da 60. Injin naɗin zare irin su Shimano Tiagra da Penn International na lamba 80 ko 130 yana cin zare kusan mita 900. A ƙarshen zaren akwai zaren gaba mai kauri, na laba 300 zuwa 500, saboda kaushin bakin kifin yana cin siriri kamar zarto. Dokar IGFA a wannan aji ita ce zaren gaba kada ya wuce mita 9.14, in an haɗa shi da ninkin zaren da ake yi dab da shi kada su wuce mita 12.19. Ga baƙo, lamba 80 ko 130 a kan kujera ya fi. Siririn zare na gwanaye ne, a hannun sabo yana ja da kokawar har kifin ya mutu don gajiya.

A jikin injin akwai birki mai hannu. Kowace safiya yaran jirgi suna ja da sikeli su daidaita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren: kimanin kilo 12 ga lamba 80, kilo 20 ga lamba 130. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Yayin da kifi ke kwashe zare, naɗin da ya rage yana sirancewa, birkin kuma yana ƙara ƙarfi da kansa ba tare da an taɓa shi ba. In kaurin naɗin ya koma rabi, ƙarfin birkin ya ninka. Ga kuma nauyin ruwa a kan ɗaruruwan mitocin da ke waje. Shi ya sa in kifi ya yi nisa ake sassauta birki. Sabon shiga yana ganin zare na ƙarewa sai tsoro ya kama shi ya danna birki gaba, nan take ka ji tas, an yi asarar kifi da kifin roba mai tsada.

Hanyar kamu biyu ce. Ta farko, jirgi yana tafiya kilomita 13 zuwa 17 a awa yana jan kifayen roba huɗu ko biyar masu ƙugiya, an baza su da dogayen sanduna biyu da ke buɗe a gefen jirgi kamar fikafikai don kada su sarƙe. Kowanne yana nutsewa ya taso yana barin layin kumfa. A nan gudun jirgi ne ke kafa ƙugiya, aikinka ya fara ne bayan injin ya fara kuka. Ta biyu, wadda ƙwararru suka fi so, ana jan kifayen roba marasa ƙugiya don tsokana kawai. Da malin ya taso, yaran jirgi su janye na tsokanar da sauri, kifin ya biyo a fusace har kusa da jirgi, jikinsa ya kunna shuɗi kamar an haska fitila, sai a jefa masa mataccen kifi na gaske mai ƙugiya zagayayya. Da ya cafka, ka saki zare yana tafiya, babban yatsa na taɓa naɗin kaɗan don kada ya cuɗe, ka ƙirga huɗu ko biyar, sannan ka tura birki a hankali. Kada ka fizga. Wannan ne wurin da sabo da kamun kogi ke cutar mutum, domin hannu ya saba da fizgar sanda da zarar an ji motsi. Zagayayyar ƙugiya tana zamowa ne daga maƙogwaro ta maƙale a kusurwar baki yayin da kifin ya juya; fizga tana fitar da ita fayau. A kifi na farko, babu laifi ka bar yaron jirgi ya kafa ya miƙo maka, sai dai ka sani a dokar IGFA kifin da wani ya taɓa wa sanda ko zare ba ya shiga littafin bajinta.

Da kifi ya kamu, kowa ya san aikinsa. Mai layi ya ɗauki sanda da hannu biyu, ya kai kujera, ya sa gindinta a mazauninta, a maƙala masa ɗamara a kunnuwan injin. Sauran ukun ku taya naɗe ragowar zaruruwa, ko ku matsa gefe. Ɗaya ya tsaya bayan kujera yana juya ta don sanda ta riƙa fuskantar inda zare ya nufa. Hoto sai an gama share fili. A kujera da ƙafa ake kokawa. Ka miƙe gwiwa ka jingina baya nauyin jikinka ya ɗaga sanda, ka lanƙwasa gwiwa ka zamo gaba kana naɗewa, ko da rabin juyi ne. Hannun hagu yana kan injin yana jera zare dama da hagu, in ba haka ba ya taru a gefe ɗaya ya cije. Wanda ya ce da damtse zai ja, minti goma ya ishe shi. In kifi na gudu, kada ka naɗa, ka huta. In ya tsaya ko ya nufo jirgi, naɗa iya ƙarfinka, domin sako-sakon zare shi ne babban abin da ke zubar da ƙugiya. Kyaftin zai riƙa bin kifin da baya, ruwa na tsallako bangon jirgi yana jiƙa ka sharkaf, wannan duk cikin aikin ne. Da kayan nauyi da kyaftin gwani, yawanci minti 15 zuwa 45 an gama. Wanda ke kai awanni shi ne kifin da zare ya naɗe wa wutsiya, ko wanda ya nutsa ƙasa ya ƙi tasowa.

Mafi haɗari shi ne minti biyun ƙarshe. Yaron jirgi zai sa safar hannu ya kama zaren gaba ya naɗa a tafinsa yana jawowa. Da ya kama, a ƙa'ida an ƙirga kifin. Kai kuma ka rage birki, ka zauna daram a kujera, ka tabbata zare bai naɗe kan sanda ba, domin kifin na iya zabura ya sake komawa, dole yaron ya saki komai ya tafi sumul. Kada kowa ya tsaya a bayansa ko ya taka zaren da ke ƙasa. An sha jan mutane cikin teku a wannan gaɓar, kuma kifi mai tsalle kusa da jirgi mashi ne mai kilo 200 a bayansa.

Sai maganar da ke ba mutanenmu mamaki: bayan duk wannan wahala, sakinsa ake yi. Yawan shuɗin malin ya ragu a Atlantika, ICCAT, hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da tuna da manyan kifayen Atlantika, ita ce ke sa ido a kan kamunsa, kuma jiragen shata sun gane kifin da aka saki shi ne jarin baɗi. Ana cire ƙugiya ko a yanke zaren dab da baki, a riƙe tsinin bakin a cikin ruwa, jirgi na tafiya a hankali don ruwa ya ratsa ta bakinsa, har launinsa ya dawo ya fara kaɗa wutsiya, sannan a sake shi. Ba a ɗago shi cikin jirgi don hoto. Namansa ma yana tara sinadarin makyuri, ba a son mai ciki da ƙananan yara su yawaita ci.

Na ci su ne tuna mai rawayar ƙaya, da wahu, da dorado, waɗanda kan faɗa wa fatsa a hanya. A jirage da yawa na ma'aikata ne, su yankar muku na abincin dare, shi ya sa na ce a tambaya tun farko. Tuna da dorado a zubar musu da jini a sa su cikin ƙanƙara nan take. In suka sha rana, wani guba yana taruwa a naman wanda dafuwa ba ta kashe shi, mutum ya ci fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi ƙaiƙayi cikin ƙasa da awa ɗaya. Wahu kuwa haƙoransa reza ne, ko ya mutu kada a kai hannu bakinsa.

Guzurinku ba shi da yawa: tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda in babu shi ba za ku ga kifin yana tasowa ba, riga mai dogon hannu, hula mai igiya, man kare fata daga rana, takalmi mai taushin ƙasa da ba ya santsi, da rigar ruwa mara nauyi. Kowa ya sha ruwa lita uku a yini. Ku gaya wa mai jirgi tun da wuri cewa ba ku cin naman alade, domin abincin ƙasar, kacupa, na masara da wake, galibi da shi ake yi. Akwai na kifi in an nema. Harshen mutanen ƙasar Fotugis ne da Kiriyol, ma'aikatan jirage da yawa suna jin Turanci gwargwado. A safiyar farko, tun jirgi na ɗaure a tasha, kowannenku ya hau kujera a daidaita masa tsawon matakin ƙafa da ɗamara, a ɗaura zaren a wani abu ya ja ya ji nauyin kilo 12 a cinyarsa, ya kuma koyi inda hannun birki yake ba tare da ya duba ba.